Matameye: injin wanke-wanke bai mutu ba, abincinsa ne babu

A yawancin gidajen Matameye, babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, wanke-wanke yana nan yadda kakanni suka bar shi: bahon ruwan sabulu, bahon ɗauraya, soso, da ɗan toka ko rairayi saboda gindin tukunya, sa'an nan a kife kwanoni a rana. To amma kayan Turai na hannu, waɗanda aka saba saukewa a Kwatano kafin rufe iyaka da Benin a 2023, daga baya kuma suka koma biyowa ta Lome, ko ake tsallakowa da su daga Kano ta hanyar Daura, ba firji da talabijin kaɗai ba ne. Jefi-jefi akan tsinci injin wanke-wanke a cikinsu. Wani ɗan kasuwa ya ɗauka don gwada sa'a, ko wani ma'aikacin gwamnati da ya gan shi a gidan abokinsa a Yamai ya saya wa uwargida. Ba a cika daɗewa ba sai a tura shi lungu, a yafa masa tsumma, a yanke hukunci cewa ya mutu, jikkunan da aka zuba sun bi ruwa.

Sau da yawa kuwa lafiyarsa lau. An ƙera shi ne domin gidan da ruwa ke zuwa da ƙarfi, wuta ba ta rawa, sabulunsa da gishirinsa kuma suna kantin bakin titi. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, sai alamar ta bayyana a jikin kwano, kuma mai lura yana iya karanta ta ba tare da ya kira mai gyara ba.

A fara da ruwa. Abin mamaki, injin ba mashayi ba ne: na zamani yakan gama wanki ɗaya da lita 10 zuwa 12, wato ko rabin bido mai lita 25 bai cika sha ba. Ƙarfin ruwan yake bukata, ba yawansa ba. Akasarin injunan Turai suna neman aƙalla rabin bar, daidai da nauyin ruwan da ya gangaro daga tsayin mita 5. Ke nan tankin da aka aza bisa soron da bai wuce mita 3 ba ba zai ƙosar da shi ba, ɗan garuwa kuwa ba shi da ƙofar da zai zuba masa. Idan ruwa ya yi jinkirin shiga, injin yakan tsaya yana ƙifta fitila, ko ya yi wankin da ɗan abin da ya samu, kwanonin sama su fito da dattinsu. Kafin a zargi pampo, a kwance tiyon da ke shigo da ruwa a duba ƴar rariyar da ke bakinsa, domin ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da rairayi mai laushi da ke toshe ta. Tsohon buroshin haƙori ya isa aikin.

Sai wuta. Injin da kansa yake ɗumama ruwansa har zuwa digiri 50 ko 70, da ƙarfen zafi mai cin wat kusan 2000, kuma zafin nan ne ke narkar da man gyaɗa da kitse. Idan wutar da ya kamata ta zo da bolt 220 ta sauko 180, ƙarfen yana rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa. Ƙaramin injin wuta na masu shago ma ba ya ɗaukarsa. Mutanen wannan yanki, da wutarsu ke zuwa daga Katsina ta layin Gazawa, ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, ba ta maido ba sai a Maris na 2024. Wankin da aka katse a tsakiya yakan bar maiƙo ya daskare a kan faranti, ruwa ya kwana a ciki ya yi ɗoyi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan rabin awa da tayar da shi a buɗe ƙofa a hankali, in babu tururi, matsalar ta zafi ce. Injin da ya fito daga Amurka kuwa na bolt 120 ne, haɗa shi kai tsaye da wutar Nijar ƙona shi ne.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi ban takaici, shi ne na sabulu. Omo da sabulun ruwa na wankin hannu an yi su ne don su yi kumfa, shi kuwa injin kumfa maƙiyinsa ne. Tana hana ruwa fita da ƙarfi, ta tumbatsa ta gangara ƙarƙashinsa, inda wani ɗan maɓalli mai iyo yake jin ruwa ya tsayar da komai. A injunan Bosch wannan shi ne E15 da ke fitowa a allo. A cire shi daga wuta, a karkata shi ruwan ya tsiyaye, a bar shi ya bushe kwana guda, sau da yawa sai ya tashi. Sabulunsa na musamman ne, gari ko ƙwaya, ba ya kumfa, kuma yana ɗauke da sinadaran da ke narkar da abinci mai gari. Zafi da laima suna kashe ƙarfinsu, don haka ƙwayar da ta shekara a shago mai rufin kwano ba lalle ta yi aiki ba.

Akwai kuma farin hazo da ke rufe kofunan gilas. A shafa ɗan binegar ko ruwan lemun tsami: in ya goge, ƙasar farar da ke cikin ruwa ce, irin wadda ke manne wa cikin butar shayi, in bai goge ba, gilas ɗin ne ya ci, kuma babu magani. Injunan Turai suna da wani ɗan rumbu a ƙasa da ake cika wa gishiri domin tace wannan ƙasar. Gishirin nasa tsantsa ne mai manyan ƙwayoyi. Na miya yana da gauraye, kantun Bilma yana da ƙasa, kanwa kuwa, ko da tana da arha a ƙasar Korama, ba gishiri ba ce a wurin inji.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne abincin kansa. Ba a yi shawara da tuwon hatsi ba sa'ad da ake zana wannan na'ura. Ƙanzo da busasshen tuwo sai an jiƙa an kankare tukuna. Ƙayar kifi, tsakuwa da ƙwallon dabino suna taruwa a rariyar da ke gindin injin, wadda ake murɗawa a ciro da hannu. In ta toshe, ruwan datti ne zai riƙa zagayawa, ko ya ƙi fita, Bosch ta nuna E24. Wanke ta kowane mako, da zungure ramukan hannuwan da ke fesa ruwa da tsinke, yana warware rabin koke-koke. Sa'an nan a dubi kayan gidan Bahaushe. Ƙwarya, akushi, ludayi da muciya za su tsage. Tukunyar dalma ta maƙera za ta yi baƙi. Langar da fentinta ya ɓantare za ta yi tsatsa. Babban tiren da mutum shida ke ci a ciki, in ma ya shiga, yakan tare hannun fesa ruwa ya hana shi juyawa. Me ya rage? Farantan tangaran, kofuna, cokula da kwanonin silba.

Ba sabon abu ba ne. Josephine Cochrane, Ba'amurkiyar da ta yi rajistar injinta a 1886 ta kuma nuna shi a bajekolin Chicago na 1893, otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye a hannunta. Gidajen jama'a sai bayan shekaru masu yawa. A Matameye ma mai gidan abinci da ke da tanki mai tsayi da farantai iri ɗaya ya fi magidanci mai iyali ashirin cin moriyarsa.

Ɗan kasuwar da ke son shiga wannan harka ya kamata ya haɗa kowane inji da katan ɗin sabulu da buhun gishirinsa, ya kuma san inda zai sake samo su, in ba haka ba mai saye zai dawo masa da rigima cikin wata guda. Mai saye kuwa kada ya ƙirga kuɗi sai an haɗa injin da ruwa da wuta a gabansa ya yi wanki ɗaya cikakke. Ya duba takardar da ke gefen ƙofa ya ga 220 ko 230, ya shafa robar bakin ƙofa ko ta bushe ta tsage, ya kuma sa a kwantar da shi a leƙa ƙarƙashi, domin injin da ya daɗe a sito ɓeraye kan riga mai shi buɗe shi.