Jitar Da Ake Kaɗawa Da Gwiwa

Duk wanda ya saurari faifan Juju Music na Sunny Ade, wanda ya fito a 1982, ya ji wata murya mai santsi tana hawa tana sauka kamar kuka. Wannan ita ce jitar feda, wadda a Amurka ake kira fedal sitil, kuma Demola Adepoju ne ya kaɗa ta. Asalinta daga jitar Hawayi ne, amma makaɗan birnin Nashbil ne suka raya ta bayan Bud Isaacs ya kaɗa ta a waƙar "Slowly" a 1953.

Ba a rungumarta. Tana kwance bisa ƙafafu huɗu kamar tebur, makaɗi yana zaune yana jan sandar ƙarfe a kan tsirkiyoyi 10. Sanda kuwa miƙaƙƙiya ce, ba ta da yatsu, don haka ba ta iya canza murya ɗaya ta bar sauran. Fedoji da libobi ne ke yin wannan aiki. Ƙafar hagu tana taka fedoji uku, A da B da C. Ƙafar dama tana kan fedar ƙarar sauti. Saura gwiwoyi biyu, kowace tana tsakanin libobi da ke rataye a ƙarƙashin jitar, guda huɗu ko biyar gaba ɗaya.

'Yan kwaya za su gane sauran da sauƙi. A ɗaurin da ake kira E9, muryar E ita ce do. Feda A tana ɗaga so zuwa la, feda B tana ɗaga mi zuwa fa. In ka taka su tare sa'an nan ka saki, ka yi "Amin" ke nan.

To, wane aiki za a ba kowace liba? Biyu na farko kusan babu gardama a kansu. Ɗaya tana saukar da tsirkiya ta 4 da ta 8 daga do zuwa ti. In aka haɗa ta da feda B, sai a sami so, ti, re, fa, wato haɗin nan da ke jan kunne ya koma gida. Ta biyun tana ɗaga tsirkiyoyin nan rabin mataki, daga E zuwa F. Ita da feda A suna ba makaɗi haɗin muryar da ya fara da shi, amma layi uku a gaba, ba sai ya yi doguwar tafiya da sanda ba.

Gardamar tana kan inda za a sa su. A tsarin Buddy Emmons feda A ce a can hagu, saboda haka sa'ad da ƙafa ta karkata kanta, gwiwa ma hagu take nufa. Nan ya kamata libar F ta zauna. Mai bin tsarin Jimmy Day, wanda fedojinsa suke a juye, sai ya juya libobin su ma, in ba haka ba ƙafa da gwiwa za su riƙa jayayya.

Waɗansu suna sa duka biyun a gwiwar hagu, gama ba a ɗaga tsirkiya a kuma saukar da ita a lokaci ɗaya, don haka ba a yi asarar kome ba, gwiwar dama kuma ta sami sarari. Waɗansu suna raba su, domin murya ta zarce daga F zuwa ti ba tare da tsayawa a tsakiya ba. A ganina na farkon ya fi wa mai koyo, domin yawan motsa gwiwar dama yana girgiza fedar sauti, sai ka ji ƙara na hawa da sauka ba da nufi ba.

Liba ta uku yawanci tana saukar da tsirkiya ta 2 da ta 9. Daga ta huɗu, kowa da irin waƙar da yake kaɗawa. Sai dai kafin a kwance sanduna a ƙarƙashin jita, a tuna cewa makaniki zai gama sauyin a yini ɗaya, amma gwiwar da ta saba zuwa hagu za ta daɗe tana zuwa hagu, ko a tsakiyar waƙa gaban jama'a.