Me ya sa ciwon zuciya ke bin wasu gidaje?

Akwai gidan da uba zai rasu da ciwon zuciya bai cika hamsin ba, ɗansa ma ya bi sahu, alhali maƙwabtansu masu cin irin abincinsu suna tsufa lafiya lau. Taba da ƙiba da hawan jini suna da hannu a ciwon, amma ƙwayoyin gado ma suna da nasu kason, kuma jini na nuna shi.

Nau'in kolestarol (kitsen jini) da ake kira LDL shi ne ke taruwa a jijiyoyin jini har ya toshe su. Hanta ce ke tsame shi daga jini, sai dai wani sinadari mai suna PCSK9 yana rage mata ƙarfin wannan aikin. A 2003 masana a Faransa suka gano wasu iyalai da sinadarin ya yi wa yawan aiki, kitsen jininsu ya hau tun suna yara. A 2006 kuma Helen Hobbs da Jonathan Cohen na birnin Dallas suka nuna akasin haka: kimanin mutum 3 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka da aka bincika sun gaji PCSK9 mai rauni. LDL ɗinsu ya gaza na sauran da kashi 28 cikin 100, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya kuwa da kashi 88. Wannan ya buɗe hanyar alluran daƙile sinadarin, waɗanda aka amince da su a 2015.

Ba kowane gado ne ke da daɗi ba. Wani kitsen, lipoprotein-a, wanda Kare Berg ya gano a Norway a 1963, ya yi yawa a jinin kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya, kuma yakan fi hawa ga 'yan asalin Afirka. Rage maiƙo da motsa jiki ba sa sauke shi sosai, gwajin kolestarol na yau da kullum kuma ba ya nuna shi, sai an nemi nasa daban.

Don haka duk wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin 65, ya faɗa wa likita, a gwada masa jini tun yana jin garau. Mai irin wannan gado ya fi kowa amfana da barin taba, kula da hawan jini da suga, da shan maganin da aka rubuta masa.