Daga wuri zuwa sefa: abin da tsofaffin sulalla ke koya wa mai tanadi

A Sae Sabuwa, kamar sauran garuruwan Gidan Rumji, Agiye da Gazawa, ba wanda ke cewa sefa ɗari. Dala ashirin ake cewa. Sefa dubu kuwa jika ce. Yarinyar da ke tallar ƙuli-ƙuli ta iya wannan lissafi, amma da wuya ta san cewa tana kiran sunayen kuɗin da suka daɗe da barin kasuwa. Dala sunan babban sulen azurfa ne na Turai, wanda daga baya ya koma kan sulen tamma biyar na Faransawa. Jika daga jaka take, jakar da ta ci dala 200. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Harshenmu ya riƙe sunayen, kuɗin sun tafi.

Abin da ya tayar da maganar shi ne yadda mutane a Amurka da Turai suka dage da tara sulallan zinariya da azurfa. Tun rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008 tsoron durƙushewar tattalin arzikin duniya ya shiga zukatansu. Farashin oza ɗaya na zinariya ya haura dala 2,000 ta Amurka a 2020, ya wuce 3,000 a watan Maris na 2025. Wasu na sayen Krugerrand, sulen zinariyar Afirka ta Kudu da aka fara bugawa a 1967. Wasu na farautar tsofaffin sulallan Amurka na kafin 1965, domin kashi 90 cikin 100 na jikinsu azurfa ne. Tara sulalla, da a da sha'awa ce ta masu son tarihi, ya zama guzurin ranar wahala.

Mu a wannan yanki ba labari muka ji ba. Mun ga faɗuwar kuɗi da idonmu, ba sau ɗaya ba.

Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldibis yake fitowa, can cikin tekun Indiya. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya tarar ana canza sulen azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. A daidai wannan zamani 'yan kasuwar Turai suka fara jibgo wani wuri mai araha daga gabar Zanzibar. Da ya yi yawa, sai darajarsa ta zube, har kuɗin ɗaukarsa zuwa nesa ya riƙa cinye kaso mai yawa na abin da aka ɗauko. Da Turawa suka zo suka ce haraji sai da kuɗinsu, wurin da aka tara cikin tukwane ya koma adon ƙwarya da kayan wasa.

Liyari kuwa, sulen azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, bai yi irin wannan mutuwa ba. Shekarar 1780 ce a jikinsa komai lokacin da aka buga shi, nauyinsa kusan giram 28 ne, sama da giram 23 daga ciki azurfa ce zalla. Da hukuma ta daina karɓarsa, mata suka rataya shi a wuya, maƙeran farfaru suka narkar da shi suka yi zobba da mundaye. Doka ta raba shi da kasuwa, amma ba ta iya cire azurfar da ke jikinsa ba.

Manyanmu na yau ma suna da nasu labarin. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canza launin naira, ta ba da wa'adin kusan mako biyu, ta kuma rufe iyakoki. 'Yan kasuwar Maraɗi da ƙauyukanta masu riƙe da naira suka wayi gari da takardun da ba sa sayen komai. Abin ya haɗu da fari, har yunwar shekarar ta ɗauki sunan El Buhari. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, magani da taki da duk kayan waje suka yi tsada. A ƙarshen 2022 Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ƙarancin tsabar kuɗi ya tsayar da ciniki a kasuwannin bakin iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanya har zuwa Fabrairun 2024.

Wanda ya duba waɗannan abubuwa zai gane cewa sule na iya samun daraja ta hanya uku. Akwai darajar da hukuma ta ɗora masa, wadda sanarwa ɗaya a rediyo ke iya sharewa. Akwai darajar ƙarfensa, in zinariya ce ko azurfa. Akwai kuma darajar tarihi, wadda ta rataya a kan ƙarancinsa da lafiyar jikinsa da kuma samun mai sha'awar saye. Ta ukun nan ba abin dogaro ba ce ranar tsanani, domin mai jin yunwa ba ya neman kayan tarihi. Anini mai huji da kwabo da sefar BCEAO ta tsohon bugu ba azurfa ba ne, an kuma buga su da yawa ƙwarai. Duk wanda ya zo da labarin cewa wani Bature na neman anini zai biya miliyoyi, amma sai an fara ba da kuɗin gwaji, ɗan damfara ne. Haka nan liyarin jabu ya yi yawa. A kai wa maƙerin da aka yarda da shi ya auna kafin a saya ko a sayar.

Ga manomin Sae Sabuwa, tanadin da ya fi kowane tasiri yana cikin rumbu. A shekarar 2005 akwai hatsi a kasuwannin jihar Maraɗi, amma farashin tiya ya fi ƙarfin talaka, dabbobi suka faɗi warwas, wanda ya sayar da geronsa da kaka ya dawo yana sayensa da tsada da damina. Azurfa na kare dukiyar mai rara, amma ba a tuƙa ta a tukunya. Saboda haka hatsi ne farko, sannan akuya da tunkiya, sannan bankin hatsi na gari da asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a Maraɗi a 1991. In Allah ya hore wani abu bayan wannan, a raba ƙafa, kada a zuba duka cikin kuɗi iri ɗaya. Mai ajiye azurfa kuma ya tuna cewa in ta kai nisabi, wajen giram 595, shekara ta zagayo, zakkar ɗaya bisa arba'in ta hau kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma tsofaffin sulallan da ke ƙasan kwallar kaka, roƙona shi ne kada a zubar da su a sikelin 'yan gwangwan. Kada a goge su da toka ko yashi, domin gugar na ɓata rubutunsu. A naɗe su a busasshen ƙyalle, a tambayi tsofaffi abin da kowanne ya taɓa saye tun suna raye, a rubuta. Malamin makaranta da ya jera wuri da liyari da anini da dala a gaban ɗalibansa ya ba su darasin tattali da babu shi a littafi. Yaron da ya riƙe wuri a tafin hannunsa, aka gaya masa cewa da wannan kakansa ya sayi jaki, ba zai girma yana zaton takardar da ke aljihunsa ba ta da ranar ƙarewa ba.