Teɓa, hawan jini da wahalar da zuciya ke sha

A Jimeta, idan ɗan kasuwa ya fara ajiye teɓa, sai ka ji ana cewa kasuwa ta karɓe shi. Amarya kuwa in ta murje, a ce maigida yana kula da ita. Ba mai tuna wahalar da zuciya ke sha a ciki.

Kitse nama ne mai rai, kuma yana buƙatar jini. Duk kilon da ya ƙaru, yawan jinin jiki yana ƙaruwa, dole zuciya ta ƙara ƙarfi wajen harba shi. Manoman rani na Geriyo sun san abin da ke samun injin ban-ruwa idan aka faɗaɗa gona ba a sauya shi ba. Kitsen ciki ya fi muni, domin yana matse ƙoda ya sa ta riƙe gishiri da ruwa, sai jini ya hau. In aka ɗauki shekaru a haka, tsokar zuciya ta ɓangaren hagu takan yi kauri ta ƙage, daga baya ta gaza. A nan ne ƙafafu ke kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa, mutum ya kasa barci sai ya jingina da matashi. Wani kuwa ba zai ankara ba sai ɓarin jikinsa ya shanye.

Binciken Framingham da aka fara a Amurka a 1948 ya ɗora alhakin fiye da rabin hawan jinin manya a kan ƙiba.

Zamanmu na yau yana taimaka wa cutar: wuni guda a shago, ko nan da can sai Keke Napep, dunƙule barkatai a miya, ga lemon kwalba da ake kwankwaɗa a zafin Maris da Afrilu. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin sha-ka-fashe da wasu 'yan mata ke sha don su yi jiki. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna tara ruwa a jiki, su sa jini ya hau.

Abin farin ciki, ana iya juyowa. Rage kilo ɗaya yakan sauke awon jini da kusan maki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda, sannan a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tattaki bayan asuba, kafin rana ta buɗe, ya wadatar a fara da shi. A auna kewayen ciki da igiya, kada ya kai rabin tsayin mutum.

Siriri ma yana kamuwa, don haka kowa ya je awo, ko a Asibitin Ƙwararru na Yola, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko ƙaramin asibitin unguwa. Mai kaurin dantse ya nemi a ɗaura masa babban maɗauri, domin ƙarami yana ƙara lamba. In awo ya yi ta nuna 140/90 ko fiye, a ga likita, kada a jira ciwon kai.