Na'urar hana jirage karo a sama: za ta yi wa jirgin yaƙi amfani kuwa?

Ranar Juma'a 28 ga Satumba 2018, jiragen yaƙi biyu ƙirar F-7Ni na sojin saman Najeriya suka gogi juna a sararin Abuja, suna atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci. Matuƙan sun diro da laima, amma ɗayansu, Bello Baba-Ari, Allah Ya yi masa rasuwa. Irin waɗannan jirage a Makurɗi suke zaune, nan maƙwabta, shi ya sa a Lafia maganar ba ta wuce mu ba. Tambayar da ake yi a majalisa ita ce: tunda jirgin fasinja yana da na'urar da ke hana shi karo, me ya hana a sa wa na soja?

Sunan na'urar TCAS. Kowane jirgi yana ɗauke da wani akwati mai amsa kira, mai faɗin tsayin da jirgin yake. TCAS sai ta riƙa tambayar jiragen da ke kusa, tana lissafin daƙiƙa nawa suka rage su haɗu. In saura kamar daƙiƙa 40, ta yi gargaɗi. In abin ya matso, ta ba da umarni da murya: hau, ko sauka. Na'urorin jiragen biyu suna shirya magana a tsakaninsu, in wannan ya hau, wancan ya sauka. Ba ta cewa dama ko hagu, kuma hawan da take nema a hankali ne, wanda ko shayin fasinja ba zai zube ba.

Mutanenmu na Legas za su tuna jirgin ADC da ya taso daga Fatakwal ranar 7 ga Nuwamba 1996. Na'urar ta yi gargaɗi, matuƙi ya kauce da ƙarfi, jirgin ya ƙwace masa ya faɗa ruwa a Ejirin, mutum 144 suka rasu. Ka ga ko a jirgin fasinja, yadda aka bi umarnin ma abin dubawa ne.

To, jirgin yaƙi fa? Ku da kuke lodin shanu zuwa Lokpanta ko Agege, ku ɗauka an sa wa tirela ƙararrawa mai kuka duk lokacin da wata mota ta matso. A buɗaɗɗen titi za ta yi amfani. Amma tireloli biyar da suka jeru suna bin juna da gangan, ai kuka za ta yi tun daga Lafia har Inugu, ƙarshe direba ya cire wayar. Haka jiragen yaƙi suke. Matsowa kusa shi ne aikinsu: tashi a jere fiffike kusa da fiffike, shan mai a sama, tare jirgin da ba a yarda da shi ba. Na'urar kuma lissafinta na jirgin da ke tafiya sambal ne, shi kuwa na yaƙi cikin ƙiftawar ido ya juya ya cilla sama, kafin ta gama lissafi labari ya canza. A ganina, a atisaye irin na Abuja da wuya ta tsinana komai.

Sannan TCAS sai da surutu take aiki, kullum tana shelar inda jirgi yake. A fagen fama, soja kashe akwatin yake yi.

Wannan ba ya nufin soja ba ruwansa da ita fa. A Satumba 1997 jirgin dakon kaya na sojin Amurka da wani na sojin Jamus sun yi karo a gaɓar tekun Namibiya, mutum 33 suka mutu, babu mai na'urar a cikinsu. Bayan nan aka dage da sa ta a manyan jiragen soja, waɗanda tafiyarsu ɗaya da ta fasinja.

Na yaƙi kuwa tasu daban aka ƙera musu. Tun 2014 Amurka ta sa wa F-16 wata na'ura da ba ta tsayawa ba da shawara: in matuƙi ya suma ko ya ruɗe, jirgi ya nufi ƙasa, ita ke karɓar tuƙi ta ɗago shi, sannan ta mayar masa. Sun kuma gwada irinta ta hana karo da wani jirgi. Abin da ya fi shafar mai tashi daga Abuja zuwa Legas dai shi ne, in jirgin yaƙi ya shigo hanyar jiragen fasinja ya bar akwatinsa a kunne, don TCAS ba ta ganin jirgin da ya yi shiru.