Dokin ƙofa da ban-ɗaki: haƙƙin iyaye tsofaffi a ginin gidajenmu

Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen birnin Daura, da na garuruwan masarautar irin su Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa, an gina su ne da dokin ƙofa mai tudu domin tare ruwan damina. Hikima ce ta magabata. Sai dai ga dattijon da gwiwa ta gaza, ko dattijuwar da yanar ido ta rufe wa gani, wannan tudun kan zama shinge tsakaninsu da tsakar gida.

Ayar Suratul Isra'i ta 23 ta yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su a wurin ɗansu, wato a ƙarƙashin kulawarsa. Mun saba fahimtar biyayya gare su a matsayin abinci, sutura da tausasa harshe. Ba kasafai muke kallon ginin da suke kwana a ciki ba. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Itban ɗan Malik, sahabin da ganinsa ya raunana, ruwan kwari kuma yana hana shi isa masallacin mutanensa. Ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri da zai riƙa a matsayin wurin sallarsa, Annabi kuwa ya amsa ya zo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A gidajenmu wurin da ya fi haɗari shi ne ban-ɗaki. Abin takaici, sau da yawa ɗa mai kyakkyawar niyya ne ke jawo haɗarin: ya samu buɗi a Kano ko Abuja, ya aiko a shimfiɗa tayil mai sheƙi, ruwan alwala ya zuba a kai, tsohuwa ta fito da asuba cikin duhu. Karayar ƙugu a wannan shekarun kan kwantar da mutum kwanciyar da ba lallai ya tashi ba. Siminti mai kaushi ya fi mata alheri. Haka ƙarfen riƙo da mai walda zai kafa a bango daidai tsayin hannunta, da kujera mai rami a kan masai ga wanda tsuguno ya gagara, da ɗan dakali na zaman alwala. Dattijon da zai iya yin tsarkinsa da kansa ya tsira da mutuncinsa, domin kunya kan hana iyayenmu kiran 'ya'ya a irin wannan wuri, har ma su ɓoye cewa sun faɗi.

Dokin ƙofa kuwa ba sai an rushe shi ba. Magini zai iya yi masa gangare ta ciki da waje. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce tsawon inci 12 ga kowane inci ɗaya na tudu, don keken guragu ya hau ba tare da kifewa ba. Fitilar sola a hanyar makewayi, da igiya da aka ɗaure daga ƙofar ɗaki zuwa can saboda makaho, ba su kai kuɗin ragon suna ba. Ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, a ajiye dutsen taimama kusa da gado, a juya gadon yadda fuskantar alƙibla zai yi sauƙi, tunda hadisin Imrana ɗan Husaini ya halatta salla a zaune ko a kishingiɗe ga wanda ya kasa tsayuwa.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Dokar ba ta shiga cikin gidajen mutane ba, amma kwamitocin masallatanmu na unguwa ya kamata su dubi matakalarsu, domin akwai dattawan da suka daina zuwa jam'i saboda hawa uku kacal.