Litiyom da ƙwaƙwalwa: maganin da ke bukatar haƙuri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ƴan'uwa Musulmi, akwai wata cuta da likitoci ke kira trouble bipolaire da Faransanci. Mai ita yakan yi makonni cikin zumuɗi, ba barci, ga yawan magana da ɓarnar dukiya, daga baya kuma ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, har rayuwa ta gundure shi. A gidajenmu da yawa akan ɗora laifin a kan iska ko sammu, alhali cuta ce mai magani.

Tsohon maganinta shi ne litiyom, wani nau'in gishiri. A 1949 likita John Cade na ƙasar Ostareliya ya gano yana kwantar da zumuɗin, sannan Mogens Schou na Danmak ya tabbatar da haka a 1954. Amurka ta amince da shi a 1970.

Yaya yake aiki? Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne serotonin, wanda ke da hannu a barci, da cin abinci, da natsuwar zuciya, da iya danne fushi. A 1981 wasu masana a Amurka suka daɗe suna ba ɓeraye litiyom, sai suka tarar jijiyoyin hipokampus, sashen da ke taimaka wa tunawa, sun ƙara sakin serotonin, yayin da wuraren karɓarsa suka ragu. Wato ƙwaƙwalwa tana sake daidaita kanta ne sannu a hankali. Wannan ɗaya ne daga cikin ayyukan litiyom, kuma masana na danganta shi da raguwar kisan kai da aka gani a wurin masu shansa na tsawon lokaci.

Darasin iyali a nan shi ne haƙuri. Maganin ba ya nuna amfaninsa a kwana biyu. Haka kuma idan mara lafiya ya samu sauƙi, kada a ce ya warke a yanke masa shi. Dainawa kwatsam tana dawo da cutar da sauri.

Sai dai tsakanin amfaninsa da gubarsa tazarar kaɗan ce. Ana so ya tsaya a jini tsakanin 0.6 da 1.2 milimol a kowace lita. Ya haura 1.5 akwai haɗari. Don haka ake awon jini a kai a kai, tare da duba ƙoda da ƙwayar maƙogwaro da ake kira tiroyid. Ƙoda ce ke fitar da shi, saboda haka zufar bazara, gudawa, rage gishiri, ko shan ibuprofen da diclofenac suna tara shi a jiki. Tramadol kuwa, wanda ya yi yawa a kasuwanninmu, shi ma yana ƙara serotonin, haɗa su na iya kawo zazzaɓi, ruɗewa da farfaɗiya. Idan aka ga makyarkyata mai ƙarfi, amai, tangaɗi ko lauyewar harshe, a garzaya asibiti.

Game da azumi, a nemi shawarar likita tun cikin Sha'aban. Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa mara lafiya sassauci, kuma karɓar sassaucin Allah ba raunin imani ba ne. A yi addu'a, a sha magani, a riƙa raka ɗan'uwa wurin awo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.